GIDAJEN BEDFORD SQUARE A BIRNIN LANDAN
Yadda aka gina su, da yadda doka ta ke tsaronsu

A tsakiyar birnin Landan, cikin unguwar da a ke kira Bloomsbury, yamma kaɗan da babban gidan ajiye kayan tarihi na British Museum, akwai wani dandali mai kusurwa huɗu da a ke ce wa Bedford Square. Gidaje hamsin da 'yan kai sun kewaye shi sahu huɗu, gabas da yamma, kudu da arewa. Bangon kowane gida a manne ya ke da na maƙwabcinsa, babu rata sai inda hanyoyi suka shigo ta kusurwoyi. An fara ginin cikin 1775, aka gama wajen 1783, zamanin Sarki George na 3. Yanzu gidajen sun haura shekara 240, kuma Gwamnatin Ingila ta sa su a mataki na ɗaya cikin gine-ginen da doka ta hana a rushe ko a sauya musu kama.

Baƙon da ya tsaya a wurin zai iya cewa, ina abin kallo a nan? Bango ne baƙi-baƙi, da tagogi a jere, da ƙofofi kusan duk iri ɗaya. Gaskiya ne ba su da ado mai ɗaukar ido. Amma kusan kowane abu da mutum ya gani a fuskarsu yana da dalili, kuma dalilin nan sau da yawa ba daga mai zanen gini ya fito ba. Ya fito ne daga tsoron gobara, ko daga sharuɗɗan hayar fili, ko daga irin ƙasar da aka haƙa aka yi tubali da ita.

GOBARA ITA CE MAFARI

Kafin 1666 galibin gidajen Landan na katako ne, benen sama ya kan leƙo bisa hanya har ya kusa taɓa na tsallake. Ran 2 ga Satumba na wannan shekara wuta ta tashi a gidan wani mai gasa burodi, ga iska tana kaɗawa daga gabas. Ta yi kwana huɗu tana ci. Da ta mutu aka lissafta gidaje kamar 13,200 da majami'u 87 sun ƙone, har da babbar majami'ar St Paul. Cikin 1667 Majalisar Dokoki ta zartar cewa duk wanda zai sāke gini a cikin birni, sai da gasasshen tubali ko dutse, ta kuma ƙayyade kaurin bango gwargwadon girman gida.

Tun kafin gobarar an fara jera gidajen tubali a manne. Akwai guda huɗu a Newington Green, arewacin Landan, waɗanda aka gina cikin 1658, suna nan tsaye har yau. Amma bayan gobara ne wannan fasali ya zama na kowa, dokoki kuwa suka yi ta biyo juna suna ƙara matse shi.

Dokar 1707 ta hana bakin rufi na katako mai leƙowa waje, domin ta nan wuta ta ke tsallakawa daga gida zuwa gida. Ta ce bangon gaba ya zarce ya zama rawani, bangon da ke raba gida da gida kuma ya ɗara rufi da inci 18. Dokar 1709 ta ce a janye katakon taga inci 4 daga fuskar bango zuwa ciki. Sa'an nan babbar doka ta 1774 ta tattara na baya duka ta daɗa. Ta ce akwatin katakon da taga ke gudu a cikinsa a ɓoye shi bayan tubali, ta naɗa ma'aikata masu duba gini a kowace gunduma, ta kuma kasa gidajen zama kashi huɗu. Gida na mataki na ɗaya shi ne wanda kuɗinsa ya wuce fam 850, filin da ya zauna a kai kuma ya wuce murabba'in ƙafa 900. Na mataki na huɗu shi ne wanda bai kai fam 150 ba, filinsa bai kai murabba'in ƙafa 350 ba. Kowane mataki da kaurin bangon da aka yanka masa.

An soma Bedford Square shekara guda bayan wannan doka, don haka ta bayyana sarai a jikinsa. Wanda ya ɗaga kai zai ga rawani miƙe daga wannan kusurwa zuwa waccan, bayansa kuma 'yan gajerun bangaye sun yanka rufi gida-gida, da bututun hayaƙi a jere bisa kansu. Hausawa su kan ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A sahun gidajen da ke manne da juna ba a samun sukunin ɗebo ruwan, saboda haka bangon tsakiya shi aka ɗora wa aikin tare wuta har masu kashewa su iso.

MAI FILI DA MAGINI

Filin Bloomsbury ya shiga hannun gidan sarautar Russell ta hanyar aure cikin 1669. Babban wannan gida shi ke riƙe da sarautar Duke na Bedford, daga nan dandalin ya sami sunansa. Duke na huɗu ya rasu cikin 1771, jikansa mai gādo kuwa yaro ne ƙarami, sai matar marigayin, Gertrude, da wakilin gidan, Robert Palmer, suka ɗauki al'amarin.

Abin da ya kamata mai karatu ya lura da shi shi ne, masu filin ba su gina gidajen da kuɗinsu ba, ba su kuma sayar da filin ba. Sun ba da shi haya ne ta shekara 99. Magini ya karɓi fili, ya yi gini da dukiyarsa, yana biyan kuɗin ƙasa kowace shekara. A shekarun farko, sa'ad da gini bai tashi ba tukuna, al'adar Landan ita ce a rubuta hayar ƙwayar masoro guda, watau suna kawai. In shekara 99 ta cika, fili da ginin da ke kansa duka su koma hannun mai ƙasa. Waɗanda suka ɗauki babban aikin a nan su ne William Scott, mai yin tubali, da Robert Grews, kafinta, su kuma suka rarraba wa wasu masu sana'a. Thomas Leverton, gwanin zanen gini, ya yi aiki a gidaje da dama cikinsu, shi kansa ya zauna a gida mai lamba 13.

Wannan tsari ya ja hankalin mutum biyu zuwa wurare dabam. Mai ƙasa yana hangen jikokinsa, don haka yana so unguwa ta riƙe darajarta. Shi ya sa ya rubuta cikin yarjejeniya irin tubalin da za a sa a gaba, da tsawon kowane hawa, da layin da tagogi za su bi, ya kuma hana sana'o'i masu wari ko ƙara. Har ƙofofi aka kafa a bakin titunan unguwar, da masu gadi, domin kada garken shanu da amalanken kaya su ratsa, ba a kawar da su ba sai farkon shekarun 1890. Magini kuwa yana hangen ranar da zai mai da kuɗinsa. Ya kan ta da bango, ya yi rufi, ya shimfiɗa katakon daɓe, sa'an nan ya nemi mai saye ya sayar masa da ƙwarangwal ɗin, shi mai sayen ya ƙarasa cikin yadda ya ke so. Wannan ne dalilin da ya sa fuskokin gidajen suka zama ɗaya amma cikinsu kowane da irin adonsa. Shi ne kuma dalilin da ya sa ba a ɓata kuɗi a kan abin da ido ba ya gani ba. Ginin da zai koma hannun wani bayan shekara 99, wa zai gina shi don shekara 300?

TUBALIN LANDAN

Tubalin da aka yi aikin da shi gasasshe ne, irin wanda maginanmu ke kira jan bulo, ko da ya ke wannan ba ja ba ne. Asalin launinsa rawaya-rawaya ne mai sirkin toka. Tsawonsa kamar inci 9, faɗinsa inci 4 da ɗan kai, kaurinsa inci 2 da rabi, watau daidai abin da hannu ɗaya zai ɗauka ɗaya hannun yana riƙe da cokalin gini.

Ba daga nesa a ke kawo shi ba. Sau da yawa a gonakin bakin gari, kusa da inda za a yi gini, a ke haƙar yumɓun. A kan haƙa shi da kaka a bar shi a fili sanyin hunturu ya farfasa shi. In bazara ta zo sai a kwaɓa shi da alli, wanda ke ba shi launin rawaya, da tokar murhun gidajen birni da aka tankaɗe. Tokar nan tana ɗauke da ɓarɓashin kwal wanda bai gama ci ba, don haka kowane tubali yana da ɗan makamashinsa a cikinsa. A kan zuba kwaɓin a ma'auni na katako ɗaya-ɗaya da hannu, a shanya, sa'an nan a tsiba dubbai wuri guda da gawayi a tsakani, a cinna wuta a bar ta tana ci a hankali har makonni. Da haka sharar birni ta koma bangon birni.

Wutar irin wannan tsibi ba ta kama ko'ina daidai. Tubalan da suka gasu sosai, masu ƙara in an buga su, su a ke tsincewa don fuskar gida. Na gefen tsibi, waɗanda wuta ba ta ratsa ba, suna da taushi da araha, su a ke cusawa a cikin bango da bangayen ɗakuna inda yaɓe zai rufe su. A fuskar gida a kan jera su a kowane layi ɗaya a tsawonsa, ɗaya a kansa, ɗaya a tsawonsa, ɗaya a kansa, domin wanda aka sa a kansa ya shige ciki ya ɗaure bangon waje da na ciki. Sai dai magini mai son rage kuɗi ya kan raba tubali mai kyau biyu ya sa rabi, a ido kamar ya ɗaure, alhali kuwa bai kai ciki ba. Inda aka yi haka da yawa, bayan shekaru fatar waje ta kan rabu da ta ciki, bango ya yi tumbi. Faifan ƙarfen da a ke gani a jikin wasu tsofaffin gidajen Landan kan sanda ne da aka zura daga baya don a riƙe irin wannan bango.

A bisa kowace taga akwai wani aiki mai kyau wanda ba kowa ke kula da shi ba. An ɗauki tubali mai laushi an goge shi a kan dutse har ya yi tsini kaɗan, aka jera su a tsaye suna tokare juna, kwaɓin da ke tsakaninsu bai fi kaurin farce ba. Wannan baka ce mai kwance, ita ke ɗauke da nauyin bangon da ke bisa tagar.

Baƙin da bangon ya yi kuwa na kunkunniya ne. Landan ta yi ƙarni da ƙarni tana ƙona kwal a kowane murhu, har hazon hayaƙi na Disamba 1952 ya hallaka dubban mutane, aka kafa dokar tsabtace iska cikin 1956. Mutane sun saba da baƙin ƙwarai. Sa'ad da aka gyara gidan Firayim Minista, lamba 10 a Downing Street, a farkon shekarun 1960, aka tarar tubalinsa rawaya ne a ƙarƙashin dauɗar, sai aka shafa masa baƙin fenti don ya koma yadda jama'a suka san shi.

FUSKAR GIDA

Kowane sahu a Bedford Square an tsara shi ya yi kama da fāda guda ɗaya mai tsawo. A tsakiyar sahu an yi wa bango farin yaɓe, an manna masa ginshiƙan ado, an ɗora goshi mai kusurwa uku a sama, sauran gidajen kuma suka miƙe dama da hagu kamar fikafikai. John Wood ya riga ya yi irin wannan dabara a Queen Square na garin Bath tun wajen 1730, amma a Landan nan ne dandali na farko da aka yi wa dukan ɓangarorinsa huɗu haka. Lauya ko likita mai gida mai taga uku a faɗi sai ya ji kamar a fāda ya ke zaune, da kuɗin gida ɗaya.

Akwai wani abin da masana gini su kan yi wa murmushi. A ƙa'idar ginin Girkawa da Rumawa, wadda aka kwaikwaya a nan, ginshiƙan da ke ƙarƙashin goshi tilas su zama biyu-biyu, huɗu ko shida, domin tsakiya ta zama sarari. A sahun kudu da na arewa goshin ya hau kan gida biyu ne, bangon da ya raba su ya faɗo daidai tsakiya, sai aka rufe shi da ginshiƙi, suka zama biyar. Iyakar fili ta rinjayi ƙa'idar littafi.

Tsawon tagogi ma ba a yi shi da ka ba. Na hawan farko bisa ƙasa sun fi kowanne tsawo, domin nan ne ɗakunan karɓar baƙi, suna kuma da 'yar baranda ta ƙarfe. Na bisansu sun fi gajarta, na can cikin rufi kuwa ƙanana ne. Wannan awo ya samo asali daga koyarwar Andrea Palladio, gwanin gini na ƙasar Italiya wanda ya rasu cikin 1580. Ita tagar kanta fallaye biyu ce masu zamewa sama da ƙasa. An ɗaure kowane falle da igiya wadda ta bi ta kan 'yar kura ta sauka ga wani nauyi na darma ko ƙarfe a ɓoye cikin bango, don haka yaro ma ya iya ɗaga ta, ta kuma tsaya inda aka bar ta. An yayyanka gilashin ƙanana domin a wancan zamani babban gilashi yana da wuyar yi da tsada.

Ƙofar ce ta sami yawancin adon. Tana cikin baka, a samanta akwai taga mai siffar mafici wadda ke ba zaure haske, tun da ya ke zauren ba shi da wata taga. Kewaye da bakar an saka wasu duwatsu masu zane kamar sawun tsutsa, a ƙoli kuma fuskar mutum. Waɗannan ba duwatsun sassaƙa ba ne. Wata mace 'yar kasuwa, Eleanor Coade, ita ta riƙa yin su tun daga 1769 a masana'antarta da ke Lambeth, hayin kogin Thames. Yumɓu ne a ke haɗawa da garin ƙanƙarar dutse da garin gilashi da garin tsohon gasasshen yumɓu, a zuba a ma'auni, a gasa kwana da kwanaki da wuta mai tsanani. Da ya ke a ma'auni a ke yi, magini ya iya sayen guda hamsin iri ɗaya da arha. Abin mamaki, dutsen nan na haɗi ya fi dutsen gaske da yawa jure wa ruwa da hayaƙi, har yanzu gefunansa da kaifinsu.

CIKIN GIDA

Gida irin wannan siriri ne mai zurfi, domin faɗin da ke fuskantar titi shi ne mai tsada. Galibi kowane hawa ɗaki biyu ne, na gaba da na baya, matakala kuma a gefe. Dangi da bara suna gida ɗaya, amma hawa ya raba su. Madafa da wurin aikin barori suna ƙarƙashin ƙasa. A gaban gida an bar wani rami mai shingen ƙarfe don haske da iska su shiga wurin, da 'yar matakala ta masu kawo cefane. Rumbun kwal yana ƙarƙashin hanyar masu tafiya a ƙasa, mai kawo kwal ya kan buɗe wani faifan ƙarfe a kan hanya ya juye buhunsa ba tare da ya shiga gida ba. Ɗakin cin abinci yana hawan ƙasa, ɗakunan baƙi masu rufin da aka yi wa zanen filasta suna bisansa, sa'an nan ɗakunan kwana, can ƙarƙashin rufi kuma yara da kuyangi.

Manyan mutane sun zauna a nan. Henry Cavendish, masanin kimiyyar da ya bayyana iskar haidirojin, yana da gida mai lamba 11. Lord Eldon, shugaban alƙalan Ingila, ya zauna a lamba 6, inda masu bore a kan dokar hatsi suka far masa cikin 1815 har ya tsere ta baya zuwa lambun British Museum. Cikin 1849 Elizabeth Jesser Reid ta buɗe Bedford College a ɗaya daga cikin gidajen, ita ce kwalejin farko ta ilmi mai zurfi domin mata a ƙasar. Tun 1917 makarantar koyon zanen gini ta Architectural Association ta ke a sahun yamma. A tsakiyar shekarun 1950 ta buɗe sashen koyar da ginin ƙasashe masu zafi, shugabansa na farko kuwa Maxwell Fry ne, wanda shi da matarsa Jane Drew suka zana gine-ginen Jami'ar Ibadan.

WAƊANDA SUKA SALWANTA

Kada a ɗauka mutanen Landan sun daɗe suna ganin girman irin waɗannan gidaje. A zamanin Sarauniya Victoria an raina su, ana cewa ba su da fara'a. A Russell Square, 'yan taku kaɗan daga nan, an lilliƙa wa wasu adon jan yumɓu a ƙarshen ƙarni na 19, an rushe wasu an gina manyan masaukai. Cikin 1936 aka rushe sahun Adelphi da ke kusa da kogi, abin da ya taimaka wajen kafa ƙungiyar Georgian Group cikin 1937 don kare gine-ginen wannan zamani. Yaƙin Duniya na Biyu ya ci wasu da bama-bamai. An kuma tuttuge shingayen ƙarfe masu yawa a birnin don a narka, sai dai an bar na bakin ramukan gidaje domin kada mutane su rufta cikin duhu. Bayan yaƙi ma ba a daina ba. Cikin 1969 aka rushe babban ɓangare na Woburn Square don faɗaɗa Jami'ar Landan, duk da kukan da malamai da ɗalibai suka yi. Bedford Square ya tsira da sahunsa huɗu cif, wannan ya sa darajarsa ta fi ta kowane gida guda da ke cikinsa.

ABIN DA DOKA TA CE

Barnar yaƙi ce ta sa aka fara rubuta jerin gine-ginen da ya wajaba a tsare, bisa dokokin tsara gari na 1944 da 1947. An shigar da gidajen Bedford Square cikin 1951. Da fari dokar ba ta da haƙora sosai, mai gida sanarwa kawai zai bayar kafin ya rushe. Daga 1968 ne ya zama tilas a nemi izini a rubuce. Dokar 1967 kuma ta ba hukumomin gari ikon tsare unguwa ɗungum, da itatuwanta da titunanta. Yau Ingila tana da gine-gine kusan 400,000 a cikin jerin, an kasa su mataki uku, na mataki na ɗaya ba su kai 3 cikin 100 ba.

Sa gida cikin jerin ba ya mai da shi na Gwamnati. Yana nan hannun mai shi, kuɗin gyara ma a wuyansa ya ke. Abin da doka ta karɓe masa shi ne ikon sauya kamar gidan da ra'ayin kansa. Tsaron ya game waje da ciki, har matakala da murhu da zanen rufin ɗaki da shingen ƙarfen bakin ƙofa. Mai son ya fasa bango ko ya musanya taga sai ya kai takarda ga Majalisar gundumar Camden, ita kuma a kan gini mai mataki na ɗaya ta kan ji ta bakin hukumar Historic England. Yin aiki ba izini laifi ne wanda ke jawo tara ko ɗaurin da zai iya kai shekara 2, ana kuma iya tilasta wa mutum ya mai da abin yadda ya ke. Wanda ya bar gida ya lalace da gangan, hukuma tana da ikon ta yi gyaran gaggawa ta bi shi kuɗin, in abin ya ƙi ta saye gidan ko ba ya so.

Lalle dokar tana da nauyi a kan masu gida. Taga mai gilashi falle ɗaya tana zubar da ɗumi da hunturu, kuma ba kasafai a ke yarda a cire ta ba, sai dai a ƙara wata daga ciki. Sa na'urar hawa bene don gajiyayyu ya kan zama doguwar muhawara. Amma a sahu irin wannan, in mutum ɗaya ya faɗaɗa tagarsa ko ya ɗaga rufinsa, fuskar gidaje goma sha ya ɓata, ba tasa kaɗai ba. A ganinmu wannan hujja ta isa.

GYARA

Babban haɗarin da ke kan gidajen yanzu shi ne gyaran da ba a sani ba. An gina su da kwaɓin farar ƙasa da yashi, wanda ya fi tubalin taushi. Harsashinsu ba shi da zurfi, ƙasar Landan kuwa a wurare da yawa yumɓu ce mai kumbura da ruwa, mai tsukewa da fari. In ƙasa ta motsa, kwaɓin farar ƙasa ya kan ba da kai kaɗan ba tare da tubali ya tsage ba, danshin da ya shiga bango kuma ta cikinsa ya ke fita. In aka ƙwaƙule shi aka cike da siminti, sai ruwa ya rasa mafita ya taru a cikin tubali, sanyi ya daskarar da shi, fuskar tubalin ta ɓantale. An yi wannan ɓarna a gidaje masu yawa a Ingila cikin ƙarni na 20 da kyakkyawar niyya. Haka kuma wanke bango da feshin yashi ya kan kankare ɓawon da wuta ta yi wa tubali, ya bar shi yana shan ruwa.

Akwai wata kwalliya ta masu gini da a ke gani a irin waɗannan bangaye. A kan cike tsakanin tubala da kwaɓi mai launin tubalin, sa'an nan a ja siririn farin layi a bisa, tubalin da bai daidaita ba sai ya zama kamar an yanka shi da wuƙa. Masu iya wannan aiki kaɗan ne yanzu, kuma aiki ne mai cin lokaci.

Rawanin da dokar gobara ta kawo shi ma ya zo da tasa matsalar. Ruwan rufi ba ya zuba waje kai tsaye, yana taruwa ne a wata magudana ta darma a bayan rawanin kafin ya bi bututu ya sauka. In ganyen manyan itatuwan lambun tsakiya ya toshe ta da kaka, ruwa ya kan koma cikin bango, ya sami katakon da magina suka binne a ciki don ɗaure tubali, ya ruɓar da shi ba wanda ya gani. Saboda haka masu kula da gidajen su kan hau rufi su share magudanar a kan kari, musamman bayan zubar ganye.

Kusan duk gidajen yanzu ofisoshi ne da makarantu da kamfanonin buga littattafai. Wannan ya kawo kuɗin da a ke riƙe su da shi, ko da ya ke katakon daɓen da aka yi don kujeru da gadaje ya sha nauyin akwatunan takardu, an kuma huda ƙofofi a wasu bangayen tsakiya don a haɗa gida biyu ko uku. Lambun da ke tsakiyar dandalin, mai siffar ƙwai, yana kulle, sai masu mabuɗi ke shiga. Titin da ya kewaye shi kuwa na kowa ne, daga tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Tottenham Court Road tafiyar 'yan mintoci ce.